Goma da Shida a Teburin Unguwar Sarki

Likita ne ya mayar da ni buga ƙwallon tebur, ina da shekara arba'in da takwas. Ya auna jinina, ya dubi na'urar, ya dube ni, ya sake aunawa, sannan ya ce in nemi abin da zai riƙa fitar mini da gumi sau uku a mako, in kuma rage ɓacin rai. Na fara da tafiyar safe. Kwana huɗu na yi na daina, don na gaji da masu tsayar da mashin suna tambayata ko motata ce ta lalace. Sai wani maƙwabcina ya ce ai akwai tebur a bayan layinmu, nan Unguwar Sarki, a wata rumfar kwano da aka kafa jikin katanga, ana haɗuwa bayan la'asar a tashi kafin magariba.

Ƙwallon tebur ba baƙona ba ne. A sakandare ni nake buga wa gidan kwananmu, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa cinye ni sau biyu a jere. Shekara talatin rabona da riƙe bat, wato faifan buga ƙwallon, amma cikin mako biyu hannu ya dawo. Yawancin masu zuwa rumfar ma'aikata ne irina, a taso daga ofis, a cire kaftani a mota, a sa riga mai gajeren hannu. Sai wani tela da shagonsa ke kallon rumfar, wanda ya naɗa kansa alƙali. Shi ke ƙirga maki, shi ke raba gardama, shi ke yi wa kowa sharhin da ba a nema ba. Dokar wurin ɗaya ce: wanda ya ci ya tsaya a tebur, wanda aka cinye ya koma benci. Wanda ya fara kai maki goma sha ɗaya shi ya ci, in kuwa aka yi goma da goma, sai wani ya ba da tazarar biyu.

Wata guda na yi ina cin karena babu babbaka. Nakan tsaya a tebur sai na kori mutum huɗu ko biyar kafin numfashi ya sa in zauna da kaina. Har tela ya fara cewa in na shigo, “To, Oga ya iso, masu ciwon baya su koma gefe.” Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata mai shekaruna ya ji.

Ranar wata Alhamis na tarar da wani dattijo zaune a ƙarshen benci. Siriri ne, gemunsa ya yi furfura, da jallabiya ruwan toka da silifas na roba. Aka ce malamin makarantar allo ne a Kawo, ya daɗe yana zuwa rumfar, tafiya ce ta ɗauke shi wata guda. Alhamis da Juma'a kawai yake zuwa, ranakun da ba a karatu. Na gaishe shi da girmamawa, na ɗauka kallo ya zo yi. Da layi ya zo kansa sai ya miƙe, ya naɗe hannun jallabiya, ya zaro wani bat daga aljihu. Robar jikinsa ta suɗe har katako na leƙowa ta gefe guda. Na ce a raina, bari in lallaɓa bawan Allah, kada in kunyata shi gaban jama'a.

Malam ba ya duka da ƙarfi. Ban taɓa ganin ya kai wa ƙwallo sara irin na mai neman maki ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya dawo da ita. Ka buga dama, ya dawo da ita. Ka buga hagu, ya miƙa hannu ya dawo da ita. Ka ɗaga hannu ka narka mata duka da iya ƙarfinka, ya ja baya taku biyu, silifas na ƙara, ya tallabo ta a hankali ta dawo tana lilo a sama. Duk da haka na fi shi, ko makaho ya ji ƙarar wasan ya san na fi shi. Na kai goma, yana da shida. Maki ɗaya ya rage mini.

Na yi sabis, wato bugun farko, ƙwallon ta faɗa raga. Goma da bakwai. Na ce ba komai. Ya yi nasa sabis ɗin, mai laushi, wanda na dawo da irinsa sau ashirin a wannan yammacin, na kai mata duka ta wuce tebur ta doki katanga. Goma da takwas. Daga nan ban san abin da ya faru da hannuna ba. Ya yi nauyi, ya sandare daga kafaɗa, kamar an ara mini na wani. Kafin in farga tela ya ce, “Goma sha biyu da goma. Oga, benci.”

Malam ya zagayo ya ba ni hannu. “Yallaɓai, hannunka da kyau, ma sha Allah,” in ji shi.

Na yi dariya, na ce tsautsayi ne. Washegari Juma'a na kai tara yana da biyar, ya cinye ni. Mako na gaba na kai goma da bakwai, ya cinye ni. Na lissafa daga baya, cikin wata uku mun haɗu ya fi sau ashirin, kusan kullum ni ke gaba har ƙarshen wasa, kuma ko sau ɗaya ban ci ba. Sauran mutanen rumfar ina cinye su kamar da. Wasu daga cikinsu ma suna cinye Malam jefi-jefi, mutanen da ba sa samun maki biyar a hannuna. Wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Babu abin da ban ɗora wa laifi ba. Na ce iska ce ke shigowa ta gefen rumfar. Na ce rana na haske mini ido, aka sauya mana gefe. Na ce ƙafar teburin ɗaya ta fi gajarta, muka sa kwali. Na ce bat ɗina ne, na tafi Babbar Kasuwa ranar Asabar na yi yawo layi-layi cikin rana har na samo wani mai jan roba da baƙa, wanda mai shagon ya rantse irinsa 'yan gasa ke riƙewa. Alhamis na zo da shi a cikin jakarsa. Na kai goma da biyar. Goma da biyar! Malam ya ci maki bakwai a jere.

Ban san lokacin da na yi jifa da sabon bat ɗin ba. Ya doki kwanon rumfar da wata irin ƙara, ya faɗo ya kifar da butar da wani ya cika don alwala. Ni da nake da 'ya a jami'a, ni da ƙananan ma'aikata ke miƙewa in na shiga ofis. Malam ya sunkuya ya ɗauko bat ɗin, ya goge shi da gefen jallabiyarsa, ya duba bakinsa da ya ɗan tsage, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Bai lalace ba, Yallaɓai,” ya ce.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A gida matata ta gane tun daga yadda na rufe ƙofar mota. Ta bari sai da na ci abinci, sannan ta ce, “Alhaji, likita cewa ya yi ka rage ɓacin rai, kai kuma ka je ka samo inda ake sayar da shi. Duk Alhamis da Juma'a sai ka shigo gidan nan kamar an yi maka sata.”

Na ce ba ta san wasa ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san fuskata.

Babbar 'yata tana gida a lokacin, an yi hutu. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. Tana karatun ilimin motsa jiki da lafiya a Zariya, kwas ɗin da ni kaina na yi faɗa a kansa sa'ad da ta zaɓe shi, na ce wane irin karatu ne mutum zai je jami'a ya koyi tsalle. Tana wanke hannu ta ji mu, ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da kujerata.

“Abba, a wane maki yake kamo ka?”

Na ce ba kamo ni yake ba, sa'a yake yi.

“Sau nawa ya yi sa'ar?”

Na ɗauki kofin ruwa na kurɓa.

“Abba, gobe ka ba wani wayarka ya ɗauke ka kana wasa da shi. Daga farko har ƙarshe. Kada ya ɗauki ƙwallon, kai zai ɗauka.”

Na ce ba zan mayar da kaina abin kallo ba. Washegari na ba tela wayar. Ya karɓa da murna har da gyara tsayuwa, ya kuma yi sharhi a cikin ɗaukar daga farko har ƙarshe, ban da abin da aka sa shi.

Ranar Asabar da hantsi muka zauna a falo ni da ita, ta jingina wayar da kofin shayi. Farkon wasan na ji daɗin ganin kaina. Ƙafafuna na motsi, hannuna a sake, har murmushi nake. Da aka kai takwas da huɗu ta ce, “To, Abba, daga nan ka duba kafaɗarka.” Na duba. A tara, kafaɗun sun hau har sun kusa taɓa kunnena. A goma, na waiga benci sau biyu kafin in yi sabis. Ta mayar da hoton baya ta ƙirga: a farkon wasa ina ɗan tsayawa kafin sabis, in buga ƙwallon a tebur, in dubi Malam. A goma kuwa ina karɓar ƙwallon nake jefa ta, kamar tana ƙona mini hannu.

“Kuma ba ka numfashi,” ta ce. “Dubi wuyanka. Sannan me kake faɗa a nan? Bakinka na motsi.”

Na ce tasbihi ne.

Ta ƙara sautin wayar. Ta bayan surutun tela aka ji muryata sarai ina cewa, “Kai wawa ne. Za ka sake ko? Wawa kawai.”

Matata da ke ƙofar kicin ta juya ta koma ciki, kafaɗunta na rawa.

Mamana ba ta yi dariya ba, wannan kam na yaba mata. Ta ce abin da ke damuna sananne ne, suna karanta shi a aji, yana samun manyan 'yan wasa ma. Wai hannu ya riga ya iya aikinsa, amma da mutum ya hango nasara sai hankalinsa ya bar ƙwallo ya tafi wurin abin da zai faru in ya ci, da abin da za a ce in ya sake faɗuwa. Sai ya fara ba hannunsa umarni kamar ɗan koyo, hannun kuma ya rikice. Ta ce Malam ba ya cinye ni, jira yake in cinye kaina.

“Wato ƙwaƙwalwata ce ba ta da lafiya,” na ce.

“Ba haka na ce ba, Abba. Horo take so, kamar yadda ƙafa ke so.”

Ta yago takarda ta rubuta mini abin da zan yi. Kafin kowane sabis, nawa ko na abokin wasa, in ja numfashi ta hanci in sake shi a hankali ta baki, in sauke kafaɗa. In nawa ne, in buga ƙwallon a tebur sau uku, kullum sau uku, ko ana ɗaya da ɗaya ko ana goma da goma. In zaɓi kalma ɗaya da zan riƙa faɗa a raina maimakon zagin. Sannan kullum in samu minti biyar in rufe ido, in ga kaina a goma da shida, in ji hayaniyar benci, in ga na yi sabis ɗina yadda na saba. Na karɓi takardar ina jin wani iri. Yarinyar da na koya wa riƙe cokali ce ke koya mini numfashi, abin da nake yi tun kafin a haifi uwarta.

Kalmar da na zaɓa ita ce “ƙwallo”. Ta ce ta yi.

Rufe idon ne ya fara jawo mini magana. A gida ba dama, don ƙannenta na ganin na rufe ido a kujera za su fara raɗa. Sai na koma yi a ofis bayan azahar. Ran nan na tura ƙofa, na zauna, na lumshe ido, na kai goma da shida, Malam na gabana da jallabiyarsa. Ashe hannuna na dama ya tashi yana yanka iska. Ban ji buɗe ƙofa ba, sai muryar daraktanmu na ji a kaina: “Lafiya dai ko? In kira direba a kai ka asibiti?” Na ce ƙuda nake kora. Ya dubi ofishin, ya dubi taga a rufe, ya ajiye fayil ya fita. Har yau in muka haɗu a matakala yakan tambaye ni jiki.

Alhamis ta zo, na tafi rumfa da shirina. Na ja numfashi, na sauke kafaɗa, na buga ƙwallo sau uku. Tela ya ce, “A'a, Oga ya je an ba shi laƙani.” Benci ya kwashe da dariya. Na daure. Sai dai hankalina duk ya koma kan lissafi: na ja ta hanci ko ta baki? Sau uku na buga ko sau biyu? Kafaɗar ta sauka? Ina cikin wannan ƙwallo ke wuce ni. Ranar ko gaba ban shiga ba. Goma sha ɗaya da huɗu aka tashi, cin da Malam bai taɓa yi mini irinsa ba.

Na shiga gida na ajiye mata takardarta a kan tebur. “Ga karatunku nan. Da ina kaiwa goma, yanzu huɗu.”

“Abba, yau ka fara. Sai ya zama jiki, yadda ba sai ka tuna ba. Ka riƙa yi da kowa, ba da Malam kaɗai ba.”

“Har tsawon wane lokaci?”

“Wata biyu, uku. Ya danganta.”

Na ce da wa ya danganta. Ta ce da mai yin. Na tashi na bar mata falon.

Amma na ci gaba, ba don na yarda ba, sai don ba ni da wata dabarar. Ta koma makaranta, ta bar ni da saƙon waya duk Juma'a da yamma. Ba ta taɓa tambayar ko na ci ba. Tambayarta kullum ita ce, “Abba, a tara da goma ka yi numfashin?” In na ce an cinye ni, sai ta ce ba shi ta tambaya ba. Wani lokaci sai in kashe wayar in sa a aljihu.

Cikin damina, wata Juma'a, hadari ya taso muna tsakiyar wasa, aka watse da wuri. Na hango Malam a bakin titi ya tattare jallabiyarsa yana jiran Keke Napep, yayyafi ya fara. Na tsaya na ce ya shigo in kai shi Kawo. Ya yi ta godiya. Muka tafi har muka shiga cunkoson da ke gaban tasha, motocin haya sun tsaya ko'ina suna lodi, ruwa na zuba, ba gaba ba baya. A nan na kasa haƙuri.

“Allah gafarta Malam, don Allah in tambaye ka. Me kake yi mini?”

Ya yi murmushi. “Ni? Ba na yin komai, Yallaɓai. Ai ka fi ni wasa nesa ba kusa ba.”

“To ya ake yi kullum kake ci?”

Ya dube ni, kamar yana auna ko zan iya ɗauka. “Fuskarka nake kallo. Daga farko har wajen takwas, mutum ɗaya nake wasa da shi, kuma wannan ba na iya masa. In ka kai tara sai wani ya zo ya karɓi bat ɗin. Idonsa na benci, yana sauri kamar zai kama mota. Shi wannan na biyun, in na dawo masa da ƙwallo sau uku, ta huɗu da kansa zai zubar. To sai in yi ta lallaɓawa har ya iso.”

Wato wata da watanni bawan Allah nan yana karanta ni kamar allo, yana ba ni hannu yana cewa hannuna da kyau. Na danna hon ba tare da akwai wanda zai matsa ba.

“Kada ranka ya ɓaci,” ya ce. “Ni ma an yi mini. Ina saurayi, ban daɗe da sauke Alƙur'ani ba, limamin garinmu ya yi tafiya, aka tura ni in ja sallar magariba. Malamina yana sahun farko, daidai bayana. Na karanta Fatiha lafiya. Na ɗauko wata gajeriyar sura da nake biya wa yara kullum, ina aya ta uku ta ɓace mini ɗif. Mutum uku suka ɗago mini a lokaci guda, na ƙara rikicewa. Da ƙyar na kai raka'ar. Kwana biyu ban fita ba.”

“Me malamin naka ya ce?”

“Ya ce bakina ne kawai ke karatu, ni ina baya ina kallon masu kallona. Ya ce in ta sake faruwa in yi shiru, in ja numfashi, in koma farkon ayar da nake kai, in bar tunanin ta gaba. Haka nake gaya wa ɗalibaina masu hadda har yau. Wanda ke hango ƙarshen shafi shi ke tuntuɓe a tsakiya.” Ya dube ni. “Na ga ai kwanan nan kana jan numfashi. Wa ya gaya maka?”

Na ce 'yata.

“Allah ya yi mata albarka. Ka riƙe. Makon jiya sai da na ji tsoro, na biyun bai zo da wuri ba.”

Na sauke shi a bakin wani lungu, ya tattare jallabiya ya tsallake kwata ya shige. Na juyo ina tuƙi ina tsaki. Shekara huɗu ina biyan karatun jami'a, ga shi malamin allo ya faɗa mini magana ɗaya da ita a cikin cunkoson Kawo, kuma dukansu biyu sun fi ni sanin abin da ke cikin kaina.

Daga nan abin ya fara sauyawa, amma a hankali ƙwarai, yadda ba ya ba mutum daɗin labari. Na daina lissafin numfashin, ya koma yin kansa. Buga ƙwallo sau uku ya zama ɗabi'a har tela ya gaji da tsokana. Zagin kaina bai tafi duka ba, yakan leƙo, sai dai ina jin zuwansa yanzu, in ce “ƙwallo” in mayar da ido kan tebur. Malam ya ci gaba da cinye ni, amma cin ya sake kama. Mukan kai goma sha huɗu da goma sha biyu, goma sha biyar da goma sha uku. Maki na ƙarshe shi yake ƙwatar abinsa, ba ni nake miƙa masa ba. Na faɗa wa Mamana haka, ta turo mini saƙo mai tsawo na murna, kamar na ci kofi. Na rubuta mata cewa har yanzu dai a benci nake ƙarewa.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, bayan damina ta ɗauke. Malam ya zo da rawani naɗe a wuya, yana ta jan hanci, mura ta kama shi. Muka fara. Na kai goma, yana da bakwai. Ya ci ɗaya. Ya ci na biyu, da wata ƙwallo da ta taɓa bakin tebur ta zame. Goma da tara. Na ji benci ya yi shiru irin na masu jiran abin da suka saba gani, na ji kafaɗata ta fara hawa. Sabis nawa ne. Na riƙe ƙwallon ban jefa ba. Na ja numfashi, na sake shi, na sauke kafaɗa. Na buga ta a tebur sau uku. Na yi sabis ɗin da nake yi tun ina sakandare, gajere, gefen hagunsa. Ya dawo da ita. Na mayar. Ya dawo da ita. Sau shida ko bakwai muna haka, ban yi gaggawa ba, har ta taso mini daidai yadda nake so. Na sa mata hannu, ta doki kusurwar tebur ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa.

Na tsaya ina jiran rumfa ta ɗauki sowa. Tela ya ce, “Goma sha ɗaya da tara,” da murya kamar mai karanta sanarwa. Sannan ya ƙara da cewa, “Amma fa Malam ba shi da lafiya yau.”

“Gaskiya mura ta kama shi sosai,” in ji wani a benci.

“Tun da ya zo na ga idonsa ya yi ja,” in ji wani.

Malam ya zagayo ya riƙe hannuna da nasa biyu. “Ku bar wannan magana,” ya ce musu. “Da hannu nake wasa, ba da hanci ba. Yallaɓai ya ci, ci mai kyau.” Yana gama faɗa atishawa ta kama shi sau uku a jere, benci ya ce, “Ka gani ko!”

Na shiga gida da labarina. Matata ta saurara har ƙarshe, ta ce ma sha Allah, ta taya ni murna. Sannan ta ce, “Matar tela ta shigo ɗazu kawo ɗinki. Wai malamin ne ba shi da lafiya? Ka kai masa lemon tsami da citta mana gobe.”

Na kai masa. Ya sha, ya warke sarai. Alhamis ta gaba ya zo garau, muka yi wasa mai tsawo, ya cinye ni goma sha uku da goma sha ɗaya. Na ba shi hannu, na yi wa kowa sallama da fara'a, na taka zuwa mota a natse. Sai da na rufe ƙofa, na ɗaga gilasai duka huɗu, sannan na faɗi abin da ke raina.